Malama ta tambaya: me zan ce wa matan anguwa kan binciken rigakafin kanjamau?

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar Islamiyya ce ta matan aure a nan Gombe, kuma ina cikin kwamitin lafiya na gundumarmu. An kira mu wani taron bita aka ce mu koma mu wayar da kan jama'a su goyi bayan binciken allurar rigakafin kanjamau. Da na dan taba maganar a aji sai wata ta ce wai so ake a mai da mu zakaran gwajin dafi kamar yadda aka yi wa yaran Kano, wata kuma ta ce ai ita ta ji a rediyo an riga an samu allurar. Wallahi na rasa amsa. Shin akwai allurar ko babu? In babu, to me zan ce musu su goyi baya?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya maimakon ki koma aji ki maimaita abun da aka karanta muku a taro. In na fahimce ki tambaya uku ce kika dunkule: akwai allurar ko babu, me za ki ce wa mai tsoron abun da ya faru a Kano, sannan shi goyon bayan da ake nema din wane iri ne. Ni nas ce, na dade a sashen masu karbar maganin kanjamau, kafin nan kuma na yi yawon digon shan inna gida gida, to abun da zan fada miki daga wajen nan ya fito. Ni ba mai hada allura a dakin bincike ba ce, kuma hukuncin addini na malamai ne irinku, ba zan shiga gonarku ba.

Amsa ta farko a takaice: babu. Har yau dinnan babu wata allurar rigakafin kanjamau da aka amince da ita a ko'ina a duniya, ko Amurka ko Ingila ko nan. Duk wanda ya ce miki yana da ita yana sayarwa, ko a kemis ko a bayan mota ranar kasuwa, karya yake.

Ita dalibar taki da ta ce ta ji a rediyo ba karya ta yi ba, abu biyu ne suka cakude mata. Akwai wata allura mai suna lenakapabir da ake yi sau biyu a shekara, wata shida shida, kuma a gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Uganda wanda sakamakonsa ya fito a 2024, cikin 'yan mata sama da 2,000 da aka yi wa ita ba wadda ta kamu. Amurka ta amince da ita a 2025. Amma ita magani ce, zama take a cikin jiki tana tare kwayar cutar, ranar da karfinta ya kare kariyar ta tafi, sai an sake. Rigakafi kuwa irin na kyanda da ake wa yara, jikin ne ake koya wa ya gane abokin gaba ya hada nasa sojojin, ya rike abun shekaru. Ki bambanta musu wannan tun farko, don in ba haka ba ranar da kika ce ana bincike za su ce ai ga shi an samu kina boye mana.

Me ya sa abun ya ki ci ya ki cinyewa

A 1983 aka gano kwayar cutar a Faransa, a 1984 sakatariyar lafiya ta Amurka ta fito ta ce cikin shekara biyu za a samu allurar da za a fara gwadawa. Yau shekara arba'in da doriya ke nan. Mutanenmu suna da tambaya mai karfi a nan, na sha jinta: korona ta zo cikin shekara daya an samu allura, kanjamau shekara arba'in shiru, ashe ba da gangan ake yi ba? Kar ki yi fushi da mai wannan tambaya, amsa take bukata.

Yaron da ya yi kyanda ya warke ba ya sake yi, ma'ana jiki da kansa ya san yadda zai ci nasara, masu bincike kwaikwayonsa kawai suka yi. Haka korona, mafi yawan wadanda suka kamu sun warke da kansu. Ita kanjamau jiki ba ya iya korarta da kansa, to babu abun kwaikwayo. Sannan hawainiya ce, tana sake kama da sauri har a cikin jikin mutum daya za ki samu iri iri, sojojin da jiki ya hada wa ta jiya ba su gane ta yau ba. Ta lullube jikinta da wani irin sukari da ke hana sojoji ganin wurin kamawa. Cikin 'yan kwanaki da shigarta take cusa kanta a cikin kwayoyin halittar mutum ta kwanta lamo, kuma wadanda take fara kamawa su ne kwayoyin CD4 din nan da muke aunawa a asibiti, wato kwamandojin garkuwar jikin ne da kansu.

An gwada fa, ba zama aka yi ba. A Tailan an yi da mutum sama da 16,000, sakamako ya fito a 2009, ya rage kamuwa da kashi 31 cikin dari, shi ne kadai ya taba nuna alamar kariya amma bai kai a ba jama'a ba. Aka gyara shi aka kai Afirka ta Kudu da mutum wajen 5,400, a 2020 aka tsayar don bai yi aiki ba. Wani mai suna Imbokodo da aka yi da mata kusan 2,600 a kasashe biyar na kudancin Afirka, 2021 shi ma bai yi ba. Wani gwajin mai suna Mosaico aka tsayar a farkon 2023, wani kuma mai suna PrEPVacc na Uganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a karshen shekarar. Yanzu hankali ya koma kan koya wa jiki mataki mataki ya hada wasu sojoji na musamman masu iya kama nau'i da yawa lokaci daya, an fara kananan gwaje-gwaje har a Ruwanda da Afirka ta Kudu, amma tafiyar da sauran nisa, kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 akwai gwajin da yana gab da farawa a Afirka ta Kudu ya tsaya cak. Ba wanda zai iya sa miki rana, wanda ya sa miki rana ki yi shakkarsa.

Ki lura da abu daya a jerin nan, babu Najeriya. Kuma kwayar cutar ba iri daya ba ce a duniya, ta kudancin Afirka yawanci nau'in C ce, ta Amurka da Turai nau'in B, mu a nan nau'in G da wani gauraye na A da G suka fi yawa. Binciken kasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin dari na masu shekara 15 zuwa 49 suna dauke da ita, mutum kusan miliyan 1.9. In aka gama komai ba a taba duba irin tamu da jikin mutanenmu ba, ranar da allura ta zo tambayar farko da za mu yi ita ce ta dace da mu? Wannan shi ne dalilina na son a yi da mu, kuma shi ne dalilin da zan iya tsayawa gaban mata in fada ba kunya.

Maganar yaran Kano

Kar ki ce mata jita-jita ce, don ba jita-jita ba ce. A 1996 lokacin annobar sankarau kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano, yara kusan 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a fada musu gwaji ake ba, kamfanin ya ce sankarau din ne ya yi kisan, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tsoron nan yana cikin abun da ya sa a 2003 aka kaurace wa digon shan inna, Kano ba ta dawo ba sai 2004, kuma cutar ta bazu ta kama yaran da ba su ji ba ba su gani ba har kasashen makwabta. Wanda maciji ya sara in ya ga bakin tsumma dole ya gudu.

Ina tuna wani dattijo a wani kauye ta wajen Dukku, muna tsaye a zaure da akwatin kankararmu, ya ce min 'yata, zazzabi ya dauke min jikoki biyu ba wanda ya zo, na je asibiti an rubuta min magani na saya da kudin akuyata, wannan kuma da ban tambaya ba kuna bi na har gida kyauta, me ke ciki? Ban da amsar da ta ishe shi a ranar. Abun da ya juya lamarin daga baya shi ne da aka daina yi wa mutane lacca aka koma ta hannun sarakuna da jauro da limamai, Sarkin Musulmi ya kafa kwamitin sarakunan Arewa, hakimi ya diga wa dansa a gaban jama'a, aka fara hadawa da gidan sauro da sabulu da duba marasa lafiya. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji.

To ki ce mata eh ya faru, sannan ki fada mata abun da aka kafa bayan nan. Yanzu akwai kwamitin kasa mai kula da da'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ka'idojinsa na 2007, kuma manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na tarayya na nan Gombe da na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi suna da nasu kwamitocin. Gwajin allura ko magani sai da izinin NAFDAC. Dole a yi wa mutum bayani da yaren da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Tangale, in ba ya karatu a kawo shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba, a ba shi kwafin takardar ya tafi da ita gida ya yi shawara, kuma yana da ikon fita ko yaushe ba tare da an hana shi maganin da yake karba ba. Akwai kuma wani kwamiti daban da ke leka sakamako ana cikin tafiya, shi ne ya tsayar da gwajin STEP a 2007, inda aka ga allurar ba ta karewa har ma wasu maza da aka yi wa sun fi kamuwa. Ki fadi wannan din ma, kar ki boye, bincike yana da hadari shi ya sa ake sa masa ido. Takarda kuwa ba ta tsare kowa ita kadai sai da mutanen da suka san hakkinsu suka iya daga hannu su yi tambaya, kuma aikinki ke nan.

Tambayoyin da za su zo miki na san su. Za a ce ana sa wa mutum cutar ne a gani ko allurar ta yi aiki. A'a, alluran da aka yi wadannan gwaje-gwaje da su babu kwayar kanjamau mai rai a ciki, kwaikwayon wani bangarenta ne aka hada, ba za su sa wa mutum kanjamau ba, kuma ba a tura kowa ya je ya dauko. Ana raba mutane biyu, wasu allurar wasu ruwan gishiri, ba mai karba ba mai yi ba wanda ya san wanne ne, kowa ana ba shi shawara da kwaroron roba da maganin kariya, sai bayan shekaru a kirga a ga wane bangare aka fi kamuwa. Shi ya sa ake jaddada wa mai shiga kar ya dauka ya samu kariya. Za a ce jinin da ake diba ina ake kai shi. Tambaya ce mai kyau, takardar amincewa dole ta fadi nawa za a diba, ina za a ajiye, shekara nawa, za a fitar da shi waje ko a'a. Kudin da ake bayarwa kuma na mota ne da lokacin da mutum ya bata, in kika ga kudi ya yi yawan da talaka ba zai iya cewa a'a ba, wannan kansa abun kai kara ne.

Gwajin aure, inda nake so ki tsaya

Ga abun da nake zargin ba a fada muku a taron ba, kuma a wurina ya fi komai muhimmanci a garinmu. Dan tsinken gwajin nan da muke diga wa jini, ba kwayar cutar yake nema ba, sojojin da jiki ya hada mata yake nema. Ita kuma allurar rigakafi aikinta ke nan, ta sa jiki ya hada sojojin. Ma'ana mutum lafiyarsa kalau, ba ya dauke da komai, amma saboda ya shiga gwajin allura sai tsinke ya nuna layi biyu kamar na mai dauke da cutar, kuma abun yana iya daukar shekaru bai goge ba. Sai an yi gwajin da ke neman kwayar cutar kanta, irin wanda muke auna yawanta a jini da shi, sannan a tabbatar ba ya da ita.

Yanzu ki dauko wannan ki ajiye shi a Gombe, inda liman ba ya daura aure sai ya ga takardar gwaji, fasto ma haka. Na zauna a dakin nan ba sau daya ba ba sau biyu ba, yarinya da lalle a hannu saura kwana uku biki, saurayi a gefe yana ta duba waya, kawunta da wan ango suna kan benci a waje suna jira a miko takarda. In layi biyu ya fito, kafin la'asar labari ya kai dangin uwa da na uba, an mayar da lefe, kuma ba wanda zai tsaya ya saurari bayanin wai allurar bincike ce. Haka mai ciki da ta je awo, haka mai ba da jini ga dan uwansa, haka mai neman aikin damara ko bizar fita waje.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da maganar bincike, ki tambaye shi wannan a gaban kowa: wanda ya shiga, wa zai yi masa gwajin tabbatarwa kyauta, a wane asibiti, har shekara nawa bayan an gama, wace takarda za a ba shi, kuma kun zauna da limamai da fastoci da masu gwaji na kananan asibitoci sun san da wannan? Masu bincike na kirki sun san matsalar kuma suna da tsari a kai, za su ji dadin tambayar. Wanda ya yi miki kwana-kwana bai shirya shigowa anguwarku ba.

Ta ina za ki fara

Ni a ganina kar ki fara da allura. Matan da ke gabanki akwai mai shan magani a boye, ki tabbata da haka. Ina da wadda take tahowa daga wata karamar hukuma mai nisa, ta wuce asibiti biyu da ke ba da maganin kyauta don kar a ganta, tana karba sai ta juye kwayoyin a ledar farasitamol ta bar min robar a kan tebur saboda karar da take yi a jaka, kishiya za ta ji. Garin da mace ke tsoron karar roba ba za a yi bincike a cikinsa lafiya ba, don duk wadda aka gani tana shiga ofishin za a ce tana da shi. To ki fara da abun da ke hannu: gwaji kyauta ne, magani kyauta ne, mai ciki da ta sha magani galibi tana haihuwar jariri lafiyayye, wanda ya rike magani har cutar ta daina nunawa a awon jini ba ya sa wa matarsa ko mijinta, kuma akwai dokar 2014 da ta hana nuna musu wariya. In wannan ya zauna, maganar bincike za ta samu wurin zama.

Sannan kar ki tsaya a mata kadai. A ka'ida macen da ta balaga ita ke sa hannu da kanta, miji ba zai sa mata ba kuma ba zai tilasta ta ba, amma ni da ke mun san in maigida bai fahimta ba zuwa asibiti duk wata zai zama fitina a gida. Ki nemi mazan kwamitinku su dauki majalisu da masallatai, ku je wa jauro ko mai anguwa tun kafin ya ji a bakin wani, ku jawo ungozomomi da wanzamai da masu kemis don su ake fara tambaya, ku gayyaci kungiyar masu dauke da cutar, NEPWHAN, suna da mutane a jiha kuma sun fi mu iya bayani. Ofishin hukumar yaki da kanjamau ta jihar Gombe, GOMSACA, ma kofarsa a bude take. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar fadakarwa kan rigakafin kanjamau ta duniya, 1 ga Disamba kuma ranar kanjamau, kuna iya neman fili a rediyo ku bude layi mutane su bugo, tambaya mai zafi ta fi amfani a fili da a yi ta a bayan fage.

Goyon bayan da ya dace ki nema a wurinsu ba rubuta suna ba ne, kuma ke ba aikinki ba ne ki tara wa kowa mutane, in aka ce ki kawo mutum kaza a ba ki kaza ki ki. Tun bayan da aka rufe gwaje-gwajen maganin kariya a Kambodiya da Kamaru a 2004 da 2005 saboda jama'a sun ce ba a yi shawara da su ba, hukumar yaki da kanjamau ta Majalisar Dinkin Duniya, UNAIDS, ta fitar da ka'idoji a 2007 cewa a sa al'umma tun daga tsara bincike har bayyana sakamako. A aikace wannan yana nufin kwamitin tuntuba na mutanen gari, mai ikon duba takardar amincewa ya ce Hausar nan ba ta fita ba a sake, ya kai korafi, ya nemi a dawo a fada wa gari abun da aka samu ko da allurar ba ta yi aiki ba, ya kuma tambaya in ta yi aiki mu da aka gwada a kanmu yaushe za ta iso mu kuma a nawa. Ki nemi kujera a irin wannan kwamiti, ke da ita dalibar da ta kawo maganar Kano, don irinta ake bukata a ciki.

Kafin ki koma aji, ki koma wurin wadanda suka shirya taron ki tambaye su a fili: fadakarwa ce kawai ko akwai binciken da za a fara a nan? In akwai, su nuna miki lambar izinin kwamitin da'a da ta NAFDAC da sunan likitan da ke jagoranta da asibitin da za a yi, ki dauki hoton takardun a waya, ki kai wa shugaban asibitin gundumarku ya duba tare da ke.